Bindigar gwanjon soja: abin ado a Amurka, abin tuhuma a ƙauyukan Jazira

A Amurka akwai wani rukunin mutane da babu hirar da ta fi yi musu daɗi kamar a tambaye su bindigar farko da suka saya daga gwanjon soja. Labarin kusan iri ɗaya ne a bakin kowa. Saurayi ya tara ƴan kuɗinsa, ya shiga shago, ya fito da Mosin-Nagant ta Rasha, wadda a shekarun 2000 ana samunta ƙasa da dala 100, ko Lee-Enfield ta Ingila, ko Mauser ta Jamus. Ya kwana yana goge daskararren man da aka shafe ta da shi a rumbu, yana neman tambarin masana'anta da shekarar ƙira. Dokar ƙasar ma ta ware wa irin waɗannan mutane lasisi na musamman, wanda ya shafi bindigogin da suka shekara 50 da ƙerawa.

Cikin kayan da suke ji da su akwai wata bindiga da suke kira samfurin Sudan. A 1958, shekara biyu bayan samun ƴancin kai, gwamnatin Khartoum ta sayi bindigogi kimanin 2,500 ƙirar AR-10, zanen kamfanin ArmaLite na Amurka da aka ƙera a Holan, ta hannun shahararren dillalin makamai Samuel Cummings mai kamfanin Interarms. Da yake ba a ƙera su da yawa ba, yau duk wadda ta tsira kuɗi ce mai nauyi. Ko a ƴan shekarun nan, wajen 2019 da 2020, wani kamfanin Amurka mai suna Royal Tiger Imports ya kwaso dubban tsofaffin bindigogi daga rumbunan sojan Habasha, maƙwabciyar Sudan ta gabas, ciki har da Carcano da sojojin Italiya suka bari, ya watsa su a kasuwar masu wannan sha'awa.

Kafin bindiga ta zama gwanjo, sai yaƙinta ya ƙare, soja sun mayar da ita rumbu, wani akawu ya rubuta lambarta a littafi, ya kuma rubuta sunan wanda aka sayar wa. A Wad Madani da ƙauyukan da ke kewaye da ita, har zuwa garuruwan Hausawa na bakin kogi a Sinnar da jihar Nilul Azraƙ, wadda kafafen yaɗa labarai suka fi kira Blue Nile, bindigar soja na shiga hannun farar hula ne tun yaƙi bai ƙare ba, kuma babu akawu a tsakani. Nan ma mutane za su daɗe suna tuna ranar da suka mallaki ta farko. Abin da ke gaban Hausawan yankin yanzu shi ne yadda hukuma za ta fassara wannan mallaka idan ƙura ta lafa.

Daga Remington zuwa Jim Talata

Sudan ta daɗe da sanin bindigar da ta sauya hannu. A watan Nuwamban 1883, a Shaikan kusa da El Obeid, mayaƙan Mahdi suka murƙushe rundunar Masar da Bature Hicks ke jagoranta, suka kwashe dubban bindigogi ƙirar Remington, waɗanda Masar ta sayo daga Amurka. Da su aka ɗora daular Mahdiyya a kan ƙafafunta. Da Ingila ta dawo da manyan bindigogin Maxim a yaƙin Karari, ranar 2 ga Satumban 1898, aka kashe Ansaru fiye da 10,000 cikin safiya guda. Wasu daga cikin makaman da aka tsinta a filin suka tafi Ingila a matsayin ganima, wasu aka jera su a gidan tarihi na Baitul Khalifa da ke Omdurman, wanda shi ma rahotanni suka ce bai tsira daga wawaso ba a yaƙin da ake ciki. Sauran kuwa suka bazu a karkara, har gwamnatin mulkin mallaka ta shafe shekaru tana tura sojoji tsaunukan Nuba su karɓo su.

Kowane zamani ya bar tasa, kuma jama'a suka raɗa mata suna. Lee-Enfield ta sojojin Ingila ita ce Abu Ashara, saboda harsashi goma da gidanta ke ɗauka. Ita ce dai tsofaffin ƴan sandan Najeriya suka sani da Mark 4. G3 ta Jamus ta Yamma, wadda sojan Sudan ya runguma a shekarun 1960, ita ce Jim Talata. Sai Kalash, wadda ba ta buƙatar gabatarwa daga Port Sudan har Tumbuktu. Daga 1993 ƙasar ta kafa hukumar ƙera makamai ta kanta, ta shiga kwaikwayon G3 da Kalash ta China a masana'antu irin su Yarmouk da ke kudancin Khartoum.

Duk da haka Jazira ba ƙasar bindiga ba ce. An yi yaƙi a Kudu daga 1955 zuwa 1972, aka sake daga 1983 zuwa 2005, Darfur ta kama da wuta a 2003, amma tsakiyar ƙasar, tsakanin kogunan Nilu biyu, auduga da alkama da gyaɗa take nomawa. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe katafaren shirin noman ban-ruwa na Jazira, mai hedikwata a Barakat kusa da Wad Madani, abin da yankin ya sani shi ne rigimar ruwa da kuɗin auduga da bashin banki.

Su kansu Hausawa da Fulanin yankin, waɗanda ƴan ƙasar ke haɗawa su kira Fallata, ba da makami suka kafu ba. Wasu mahajjata ne da guzuri ya ƙare musu a hanyar Makka. Wasu kuma ragowar hijirar Sarkin Musulmi Attahiru ne, wanda sojojin Ingila suka kashe a Burmi ranar 27 ga Yulin 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a gabas har suka zauna a bakin kogi kudu da Sinnar, a garin da har yau ke ɗauke da sunansa, Mayurno. Noma da su da karantar da allo da ƙananan sana'o'i suka riƙe, kuma hannayensu na cikin waɗanda suka tsinci audugar da ta ciyar da baitulmalin Sudan shekara da shekaru. Sai dai dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ɗauki ranar 31 ga Disamban 1897 a matsayin ma'auni: wanda kakanninsa ba su cikin ƙasar kafin ranar, sai ya nemi takarda kamar baƙo. An sassauta dokar daga baya, amma tabon bai goge ba.

Abin da 2022 da 2023 suka koyar

Darasi na farko ya zo kafin babban yaƙin. A watan Yulin 2022 rikici ya ɓarke a jihar Blue Nile tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin, musamman Berta da Funj, bayan Hausawa sun nemi a ba su masarauta tasu a tsarin sarautun gargajiya, abin da ɗaya ɓangaren ya ɗauka a matsayin neman mallakar ƙasa. Aka yi ta kashe-kashe a Roseires da kewaye, aka sake a Wad al-Mahi a watan Oktoba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga aƙalla mutane 359 da suka mutu, wasu kimanin 97,000 suka bar gidajensu. Hausawa suka fito zanga-zanga a Kassala da Gadarif da Port Sudan da Khartoum, har da Wad Madani. Babban ƙorafinsu shi ne jami'an tsaro ba su zo a kan lokaci ba. Mutumin da aka ƙona wa gida yana jiran ƴan sanda, ba sai an yi masa dogon bayani ba kafin ya fara tambayar kuɗin Kalash.

Darasi na biyu ya shafi kowa. Yaƙi tsakanin sojan Sudan da dakarun RSF ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, Jazira ta zama mafakar kusan mutane 500,000, akasarinsu daga Khartoum. A tsakiyar Disamban shekarar, RSF ta shigo Wad Madani cikin ƴan kwanaki, runduna ta ɗaya ta sojan ƙasa ta janye, har rundunar sojan ta ce za ta binciki yadda aka yi. Kimanin mutane 300,000 suka tsere a kwanakin farko. Aka fasa rumbun hukumar abinci ta duniya da ke garin, aka kwashe abincin da hukumar ta ce zai ciyar da mutane miliyan 1.5 na tsawon wata guda. Daga nan aka bi ƙauyuka ana kwasar motoci da taraktoci da zinaren mata da hatsi.

Faɗuwar Madani ce ta haifi abin da ake kira gwagwarmayar jama'a, wato muƙawama sha'abiyya. Garuruwa suka shiga tara kuɗi suna sayen makamai, matasa suka cika sansanonin horo, Janar Abdel Fattah al-Burhan kuma ya fito fili ya sa wa lamarin albarka. Kasuwa dama ta riga ta buɗe. Tun a 2023 kamfanin dillancin labaran Faransa AFP ya ruwaito daga yankin Butana, gabas da Jazira, cewa kuɗin Kalash ya tashi daga kimanin dala 850 zuwa 1,500, wato sama da sefa dubu 900 a canjin wancan lokacin. Ga manomin da ke noman hawasha ɗaya, gonar da shirin Jazira ke ba manomi, wannan kuɗin sai an sayar da dabba ko an jira ɗan'uwa daga Saudiyya ya turo.

Ba tsofaffin kaya kaɗai ke kasuwar ba. A watan Yulin 2024 ƙungiyar Amnesty International ta fitar da rahoto da ya gano sababbin makamai daga China da Rasha da Sabiya da Turkiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Yemen a fagen daga. Abin da ya fi jan hankali a ciki shi ne bindigogin da aka shigo da su da sunan farauta da wasanni, irin su Tigr da Saiga na Rasha, da kuma dubban ɗaruruwan bindigogin Turkiyya da aka ƙera don ƙara kawai, waɗanda maƙera ke juyawa su koma harba harsashin gaske. Wato ƙofar da ke ciyar da mai sha'awar bindiga a wata ƙasa, ita ce a nan ke ciyar da yaƙi. Takunkumin makamai na Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa, tun 2004 da 2005, Darfur kaɗai ya shafa.

Ko bindigar ta kare ƙauyukan? Shaidar da ke ƙasa ba ta da daɗin ji. A Wad al-Noura, ranar 5 ga Yunin 2024, an kashe fiye da mutane 100, RSF ta ce sansanonin soja da na ƴan sa-kai ta kai wa hari. A watan Oktoba, bayan kwamandanta a Jazira, Abu Aƙla Kaikal, ya sauya sheƙa zuwa ɓangaren soja, dakarun suka huce a kan garuruwan gabashin jihar; a al-Sireha kaɗai an ba da rahoton mutuwar aƙalla mutane 124. Bindigogi goma ko ashirin a bakin ƙauye ba sa tare motocin Land Cruiser masu ɗauke da manyan bindigogi. Sukan kori ɓarayi biyu a kan babur, amma sukan ba babbar runduna hujjar cewa ƙauyen sansanin abokan gaba ne. Mayurno ma ta ɗanɗana zaman bakin daga, domin bayan RSF ta kama Sinja a ƙarshen Yunin 2024, garin ya kasance tsakaninta da Sinnar da ke hannun soja, har zuwa Nuwamba da aka ƙwato Sinja.

Bindiga ɗaya, suna biyu

Ranar 11 ga Janairun 2025 soja suka koma Wad Madani, aka yi ta guɗa a garuruwan Sudan. A cikin makon ne kuma aka afka wa wasu kanabi, wato unguwannin ƴan ƙwadagon gona da suka tsiro a gefen magudanun ruwa tun zamanin Turawa. Mazaunansu galibi ƴan asalin yammacin Sudan ne da Kudu, da kuma zuriyar mutanen Chadi da Afirka ta Yamma. An haife su a Jazira, an haifi iyayensu a can, amma yawancinsu ba su da gona ko takardar fili, kuma unguwannin da yawa ba makaranta ba asibiti. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ce dakarun Dir'us Sudan, wato Garkuwar Sudan, na Kaikal sun kashe aƙalla mutane 26 a Kambo Tayba ranar 10 ga Janairu. Zargin da aka jefa wa mutanen kanabi shi ne haɗa baki da RSF, alhali wanda ya jagoranci RSF ta shiga Madani shi ne yanzu ke gefen soja. Rundunar sojan ta kira abin da ya faru laifin ɗaiɗaikun mutane, Burhan ya kafa kwamitin bincike, Tarayyar Turai kuma ta ƙaƙaba wa Kaikal takunkumi a watan Yulin 2025.

Mutanen Kambo Tayba ba Hausawa ba ne. Rahoton ya ambaci ƙabilun Tama da Bargo da Mararit. To amma ma'aunin da aka auna su da shi, na wane ne ɗan ƙasa na asali, shi ne aka auna Hausawa da shi a Blue Nile a 2022. Ga kuma abin da ƴan Sudan ke kira dokar baƙin fuskoki, wadda ba majalisa ce ta zartar ba, al'ada ce ta shingayen bincike a jihohin da ke hannun soja, inda ake tsare mutum saboda kamanninsa ko lafazinsa ko garin da aka rubuta a katinsa. Tun da ɓangaren soja ke nanata cewa RSF ta cika da sojojin haya daga Chadi da Nijar da Mali, duk mai jibi da yamma sai ya yi ta rantsuwa.

A nan ne lamarin ya zame wa Bahaushen Jazira gaba kura baya sayaki. Idan bai riƙe makami ba, ya ga abin da ya sami ƴan'uwansa a Wad al-Mahi. Idan ya riƙe, Kalash ɗin da a hannun maƙwabcinsa mai gonar gado sunanta gwagwarmayar jama'a, a hannunsa tana iya zama shaidar haɗin baki. Idan kuma ya shiga sansanin ƴan sa-kai don ya wanke kansa, ya ɗora wa ƙauyensa tambarin ɓangare guda a yaƙin da garuruwa ke sauya hannu. Abin da ke raba waɗannan ukun ba a jikin bindigar yake ba, yana cikin littafin wanda zai zo karɓa.

Wa zai karɓa, daga hannun wa

Sudan ta taɓa gwada tattara makamai, kuma yadda aka yi bai kamata ya kwantar wa kowa hankali ba. A 2017 gwamnatin Omar al-Bashir ta ƙaddamar da gangami ƙarƙashin mataimakinsa Hassabo Abdel Rahman, aka fara da Darfur da Kordofan. Rundunar da aka ɗora wa babban aikin ita ce RSF. Da sunan gangamin ta kama Musa Hilal, babban abokin hamayyar Hemedti, a watan Nuwamban shekarar. Wasu aka kwance musu ɗamara, wani kuma ya ƙara ƙiba. A watan Satumban 2020 gwamnatin riƙon ƙwarya ta tarwatsa bindigogi 300,000 a Hajar al-Asal gaban kyamarori. Duk da haka, a ƙarshen 2022 kwamitin gwamnati mai kula da aikin ya ƙiyasta cewa makamai miliyan 5 na hannun jama'a, ban da na ƙungiyoyin tawaye. Wannan kafin a fasa rumbuna ke nan, kafin Yarmouk ta zama fagen daga, kafin a raba wa ƴan sa-kai.

Su kansu manyan hafsoshin sun san haɗarin. A watan Maris na 2024 Janar Shamsuddin Kabbashi ya yi gargaɗi a Gadarif cewa gwagwarmayar jama'a na iya zama babbar barazana idan ba a sa ta ƙarƙashin doka ba, maganar da ba ta yi wa wasu abokan tafiyarsa daɗi ba. A watan Agustan 2025 Burhan ya ba da umarnin cewa duk dakarun da ke taimaka wa soja su koma ƙarƙashin dokar rundunar. Umarnin ya shafi ƙungiyoyi masu suna da kwamanda da albashi. Bai ce komai ba game da manomin da ya sayar da saniya ya binne Kalash a ƙarƙashin rumbun dawa.

Mai karatu a Maraɗi ko Katsina ya san wannan hanyar, domin ya bi ta. A Tumbuktu an ƙona makamai kusan 3,000 a bikin Wutar Zaman Lafiya na Maris 1996, aka yi irinsa a Agadas ranar 25 ga Satumban 2000, kuma duk biyun ba su hana tawaye dawowa ba. Da rumbunan Libiya suka fashe a 2011, abin da ya kwararo ya ninka abin da aka ƙona. A Zamfara ƴan sa-kai sun fara ne da bindigar toka don kare ƙauyuka, kafin rikicin ya rikiɗe ya ɗauki launin ƙabila, har a 2022 gwamnatin jihar ta ce jama'a su nemi lasisin mallakar bindiga. Katsina a 2023 da Zamfara a 2024 sun koma ga kafa rundunonin tsaron al'umma masu kaki da rajista, wato ƙoƙarin mayar da akawu tsakanin bindiga da mai riƙe da ita. Bambancin shi ne a Katsina babu mai tambayar ɗan sa-kai takardar kakansa.

Ko a Amurkar da ake ta hirar gwanjo, tsufan bindiga bai taɓa rage mata dafi ba. Carcano ta gwanjon sojan Italiya, wadda aka yi oda ta gidan waya a kan kuɗin da bai kai dala 20 ba, da ita aka kashe shugaba John Kennedy a 1963, kuma kisan na cikin dalilan dokar 1968 da ta taƙaita cinikin. Amma an gano wanda ya saye ta cikin ƴan sa'o'i, saboda lambarta na cikin littafin shagon da ya sayar.

A Jazira irin wannan littafin ne babu. Yaƙin ya karkata zuwa Kordofan da Darfur, jama'a na komawa Madani, ana gyaran magudanun ruwa, kuma ko ba daɗe ko ba jima za a yi shelar a miƙa makamai. Idan aka bar aikin a hannun dakarun da suka shiga kanabi a watan Janairu, ƙauyukan da ba su da kowa a sama za a fara bi gida-gida, masu kwamanda a gwamnati kuma su ajiye nasu. Sarakunan Hausawa da shugabannin kanabi na da abin da za su iya nema tun yanzu: a yi rajista kafin a fara karɓa, a yi afuwa a rubuce ga wanda ya miƙa, a kuma karɓa daga maƙwabta biyu a rana ɗaya. A ƙiyasin cibiyar Small Arms Survey ta Geneva na 2017, cikin bindigogi kusan miliyan 2.8 da ke hannun farar hula a Sudan, waɗanda hukuma ta san da zamansu ba su kai 7,000 ba.